Daga Yamai zuwa Gaya ta bakin kogi a kan babur, da mata da yara: a ba ni shawara

Baban Nana: Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, amma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara yi mini dariya. Hutun ƙarshen Disamba ya ƙarato, ina so in kwashi iyalina, ni da Maman Nana da yaran nan biyu, mu bi bakin kogin Isa, wato kogin Neja, a kan ƙananan babura biyu, daga Saga har Gaya. Ba gudro, wato hanyar kwalta, za mu bi ba, ba ruwanmu da Doso. Bakin ruwa sak, inda dare ya riske mu mu yi sallama a ƙofar maigari. Abin da ya tayar mini da tsumi shi ne ranar Lahadi muna tsallaka gadar Kennedy, Abdul ya leƙa ƙasa ya ce, "Baba, wa yake rufe famfon wannan ruwan da dare?" Yaro ɗan shekara 8, a Talladje aka yanke masa cibiya, amma bai taɓa tsoma ƙafarsa a kogin garinsu ba. Wallahi kunya ta kama ni. Ga kuma hotunan da Yaya Sani ya turo daga Faransa, shi da iyalinsa sun yi irin wannan tafiyar. Me zai hana mu?

Ɗan Ader: Ikon Allah. Mu nan Tahoua sai mun yi kilomita 50 zuwa Tabalak kafin mu ga ruwan da za a sa wa jirgi, ku kuma yana bayan ɗakinku amma ɗanku yana neman famfonsa. Ku ba mu aron kogin na wata uku mana, tunda ba ku san darajarsa ba.

Usaini Makanike: Malam, wane babur? Kada dai ka ce mini wannan mai ƙananan tayu na Madam da na gyara wa birki wancan makon.

Baban Nana: Shi da nawa.

Usaini Makanike: Inna lillahi.

Yaya Sani: Wa alaikumus salam. Tunda hotunana ne suka jawo, bari in wanke kaina tun kafin ƙanwata ta kira ni. Na farko dai, ba babur muka hau ba. Ɗan keken nan ne marar inji da ake tsayawa a kansa da ƙafa ɗaya ana tunkuɗa ƙasa da ɗayar, torotinet, amma mai manyan tayu. Na biyu, ba kogi muka bi ba, hanyar ruwa ce da mutane suka haƙa da hannu, Canal du Midi, daga Tuluz zuwa bakin tekun Bahar Rum, kilomita 240. An buɗe ta a 1681. A da dawakai ne suke jan jiragen kaya da igiya, dokin yana tafiya a gefen ruwa, jirgin yana bin sa. To ka ga dole a yi wa doki hanya shimfiɗaɗɗiya wadda ba ta yankewa, ba hawa ba gangara. Dawakin sun tafi, hanyar ta rage, ita muka bi kwana 10.

Kuma kada hoto ya ruɗe ka. Daga Tuluz akwai kwalta mai laushi na kamar kilomita 50, a nan muka ɗauki hotunan da ka gani muna murmushi. Daga nan sai ƙasa da saiwoyin itatuwa da suka fito waje kamar jijiyar hannun tsoho. A kwana na uku takalmin ƙafar damar Hadiza ya cinye har yatsa ya leƙo, saboda da ita kaɗai take tunkuɗawa. Sai da muka kafa doka: tunkuɗa goma, a sauya ƙafa, ni nake ƙirgawa da ƙarfi kamar mai koyar da fareti. Wasu wuraren an sare manyan itatuwan inuwar saboda wata cuta da ta kama su tun 2006, rana ta gasa mu yadda ya kamata. Abin da yaran ba su manta ba shi ne ƙofofin ruwa na Beziye, inda jirgi yake hawa tudu mataki-mataki, a rufe ƙofa a cika ruwa ya taso, a buɗe ta gaba. Mun ɓata rabin yini a wurin suna kallo.

Wani abu kuma, a wannan hanyar an hana abin hawa mai inji sai da izini. Da babur ka zo da ita, da tuni an rubuta maka tara.

Ɗan Ader: Wato Yaya ka biya kuɗin jirgin sama ka tafi Turai don ka riƙa tafiya da ƙafa ɗaya.

Kawu Illa: Salamu alaikum. Na karanta duka. Baban Nana, niyyarka mai kyau ce, lissafinka ne bai yi ba, kuma Sani ya riga ya faɗi dalilin ko da bai lura ba. Su can an yi hanyar ne don doki. Mu nan ba a taɓa jan jirgi da doki ba. Basarke da gora yake tura jirginsa a inda ba zurfi, da filafili a inda ke da zurfi, yanzu kuma inji. Kogin shi ne hanyar, shi ya sa ba wanda ya shimfiɗa wata a gefensa. Abin da za ka tarar a bakin ruwa guntaye ne: ganuwar da muke ce wa dig, wadda ta kare gonakin shinkafa, sai burtalin shanu, sai ƴar hanyar ƙafa ta masu lambu. Na yi shekaru ina aiki a gonakin nan na Saga da Libore da N'Dunga, na san kowace dig inda take farawa da inda take ƙarewa. Tana ƙarewa ne a inda gonar ta ƙare, sai ka ga kanka a bakin kwazazzabo ko cikin ciyawar burgu.

Sannan ka zaɓi lokacin da ya fi kowane muni. Mutanen birni suna zaton in damina ta wuce kogi ya janye. Ba haka ba ne. Sau biyu yake cika a Yamai. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Goruwal suke kwararowa daga ɓangaren Burkina, shi ne ya fasa dig ya cinye unguwar Lamorde a 2020. Sai kuma ruwan Gine, wanda ya sauka a duwatsun can tun damina, ya bazu a fadamun Mali ya yi watanni yana jan ƙafa, bai iso mana sai Disamba da Janairu. Wato ranar da kake son tashi, hanyar ƙafar da ka gani a watan Mayu tana ƙarƙashin ruwa.

Baban Nana: Kawu, to in jira watan Mayu kenan?

Kawu Illa: Ka ɗora yara a babur cikin zafin Mayu? Ka tambayi uwarsu.

Anti Rabi: Ni ta fannin aikina zan yi magana, shekarata 19 a likita. Abu uku. Kaske, wato hular kwano, ga kowa, har yaran, kuma daidai kansu, ba naka da zai riƙa juyawa a kan Abdul kamar ƙwarya ba. Gidan sauro, don bakin gonar shinkafa ba ruwansa da sanyin hunturu. Na uku shi ne wanda nake gani kullum ana rainawa: tsargiya. Ruwan da ya kwanta a magudanan shinkafa da cikin ciyawa shi ne gidan dodon-koɗin da ke ɗauke da ita. Yaro ya shiga ya yi wasa, ba ciwo ba ƙaiƙayin kirki, sai bayan makonni ka ga jini a ƙarshen fitsari. A ƙauyukan bakin kogi har akwai masu ɗaukar abin alamar girman ɗa namiji. Kai da ka ce kana so ya tsoma ƙafa, ka san inda zai tsoma ta.

Usaini Makanike: Nawa kuma ƙaya ce da rairayi. Ƙaramar taya ba ta son yashi, tana nutsewa kan babur ya kufce maka. In dai dole ne, a rage iska kaɗan, a tafi da tub biyu-biyu, famfon hannu, gam da faci, buji ɗaya. Mai kam ba matsala ba ne, a 2024 an rage kuɗin lita zuwa sefa 499, kuma waɗannan ba sa sha. Matsalar ita ce wanda zai tura in ya mutu.

Musa Harobanda: Ku yi haƙuri, kowa yana maganar ƙaya da sauro, an bar babbar. Kuna fita Yamai kun shiga jihar Tilaberi. Tun 2020 aka hana yawo da babur a sassa da dama na jihar saboda da shi ƴan bindiga suke kai hari, kuma dokar ta-ɓaci tana nan. Hanyar da ka zana, bayan Kollo da Kirtashi, gefen gandun dajin W take bi har Bumba. Wa yake zuwa can yawon buɗe ido yanzu? Ko Kure da muke kai yara kallon raƙuman dawa, kowa ya san harin da aka kai can a watan Agustan 2020. Daga Bumba zuwa Gaya kuma ruwan ne iyakarmu da Benin, gadar Gaya ma an rufe ta a 2023. Baƙo a kan babur a bakin iyaka, yana ɗaukar hoto da salula? Kafin ka gama bayanin famfon Abdul an kai ka inda za ka kwana.

Ibro: Kullum haka. Duk wanda ya ce zai yi wani abu sai a tsorata shi. Mutane ba sa rayuwa a garuruwan nan ne? Ba sa noma, ba sa cin kasuwa? Mun zauna a Yamai mun mai da ƙasarmu dodo. Bature ya zo tun 1853 ya tsallaka kogin nan a Say, Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya rubuta komai. Mu ƴan ƙasa ko Kollo muna jin tsoro.

Musa Harobanda: Ibro, kai gwauro ne. Ka ɗauki babur ɗinka ka tafi, Allah ya kiyaye hanya. Mutumin nan da mace da yara biyu ya ce. Kuma masu noman da kake faɗa, an san su, an san ubanninsu. Ƙanen mahaifiyata ya baro gonarsa a ɓangaren Torodi, yana nan ɗakin zaurena shekara ta uku, ka zo ka gaya masa dodo ne muka ƙirƙira.

Ibro: Ban ce babu matsala ba, Yaya Musa. Allah ya ba shi haƙuri. Cewa na yi kada a haɗa ko'ina a kwando ɗaya.

Kawu Illa: Shi ma Abdulkarim ɗin da takardun sarakuna ya yi tafiya, da ƴan rakiya, kuma da Hausa a bakinsa. Bai faɗa wa gari haka kawai ba. Ku bar wannan.

Maman Nana: Assalamu alaikum. Yanzu Anti Rabi ta kira ni take tambaya wai yaushe za mu tashi zuwa Gaya. Na ce wace Gaya? Ashe a nan ake shirya mini tafiyar kilomita 300, ni da babur ɗina, har an gama rage wa tayata iska. Malam, muna gida ɗaya, tuwo ɗaya muka ci jiya.

Ɗan Ader: Jama'a kowa ya kama kujera.

Baban Nana: So nake in gama tattara bayani tukuna in kawo miki a kammale.

Maman Nana: To na hutar da kai, na karanta da kaina. Yaya Sani, kai kuma za mu yi magana. Amma gaskiya ɗaya ce, maganar Abdul ta dame ni ni ma. Ni a Gamkalle na tashi, da wanki a bakin kogi aka raine mu, na san ƙamshin burgu, na san kukan injin ban-ruwa da asuba. Nana shekararta 11, in ka ce mata shinkafa sai ta nuna maka buhun kanti. Don haka zan je, bisa sharaɗi. Gaya babu. Malam zai je wurin jandarma da ƙafarsa ya tambayi inda babur yake da izinin kaiwa, inda suka ce nan ne iyakarmu ko da bayan Saga ne. Kawu zai haɗa mu da mutumin da ya sani, wurinsa za mu kwana, dare ɗaya. Kuma ba mai tafiya bayan la'asar.

Kawu Illa: Ƴata ta gama magana. Akwai wani tsohon abokin aikina gaban Libore, zan kira shi. Ku kai masa goro da sukari da shayi. In kun hau dig ku tafi a hankali, in kun haɗu da amalanke ku ne za ku sauka, hanyarsu ce. Kuma dorina tana fitowa kiwo da dare ta koma ruwa da sassafe. Kada ku kuskura ku shiga tsakaninta da ruwa, balle mai ɗa.

Ɗan Ader: Daga kilomita 300 an dawo Libore. Nan da gobe za a tsaya a ƙofar gida a kalli randa.

Baban Nana: Assalamu alaikum, mun je mun dawo, alhamdu lillahi. Ga rahoto tunda da ku aka fara. Na je wurin jandarma kamar yadda aka umarce ni, suka duba takardun babura, suka faɗa mini iyakata, ban ƙetare ta ba.

Mun bar gudro a Saga da hantsi muka hau dig. Hagunmu gonaki, an riga an yi girbi, wasu fadamun an sake cika su da ruwa mutane sun duƙa suna dashen na rani, dama kuma kogi ya cika har yana lasar gindin ganuwar. Kawu, gaskiyarka, ruwan ba ja ba ne irin na damina, ya yi duhu ya kwanta. Nana ta sa muka tsaya ta tambayi wata mata ko ciyawa take shukawa. Matar ta yi dariya har ta zauna a kunya, sannan ta ba ta damin irin ta ce ta gwada. Na tuna maganar Anti Rabi na hana ta shiga, daga bakin kunya ta miƙa hannu ta dasa uku, duk suka kwanta.

Awa ɗaya da rabi muna jin daɗi, sai dig ta ƙare kamar an yanke ta da wuƙa. Gabanmu wani rafi da kogin ya turo cikin kwari, faɗinsa bai fi taku 30 ba, amma ba gada. A taswirar salulata hanya ce miƙaƙƙiya a wurin. Muna tsaye sai ga wani dattijo da jirgi. Na fara yi masa Zabarmancina na kasuwa, daga "fofo" ya dubi tsagar fuskata ya ce da Hausa, "Bagobiri ne? To kai sai dai ka yi iyo, matarka da yara kyauta." Maman Nana ce ta karɓi cinikin, jika ɗaya babura biyu. Ɗaya-ɗaya aka tsallaka da su a kwance, ni ina riƙe da kan babur, ruwa saura ɗan yatsa ya shigo jirgin. Ban taɓa karanta Ayatul Kursiyyu da sauri irin na ranar ba.

A ƙetaren ne ya kira Abdul ya nuna masa sawun dorina a laka, yatsu huɗu, na daren jiya. Yaron ya sa ƙafafunsa biyu a cikin sawu guda suka shige. Tun daga nan bai sake sakin rigar tsohon ba. Da na ba shi labarin famfo bai yi dariya ba, ya ce masa ruwan da ke gabanka tun kana hutun damina ya sauka a wata ƙasa da ake kira Gine, yanzu ya iso. Ya kuma ce shi da idonsa ya ga shekarar 1985 da kogin ya tsaya a Yamai, mutane suna tsallakawa da ƙafa. Abdul ya ce, "To ranar an rufe kenan."

Usaini, ƙaya ta same mu sau biyu, duka a babur ɗina, na Madam ko gezau. Mun tura kusan kilomita ɗaya cikin yashi. Mun isa gidan abokin Kawu kafin la'asar, aka yi mana dambu da kopto da soyayyar karfasa, aka ba mu ɗakin babban ɗansa. Da na fito da kuɗi da safe ransa ya ɓaci, sai da na ba shi haƙuri. Komawa ta gudro muka yi. Abin da ya ci mana yini guda, minti 40 ya kawo mu gida.

Yaya Sani: Ma sha Allah. Mu kwana 10 muka yi, ba wanda ya tambaye mu daga ina, ko ruwan sha da kuɗi muka saya. Wannan dambun ya tsaya mini a rai.

Anti Rabi: Ya tsoma ƙafar ko bai tsoma ba?

Baban Nana: Ya tsoma, Anti. A inda ruwa ke gudu kan yashi, tsohon ne ya zaɓi wurin, muka goge masa nan take.

Anti Rabi: Ko a ruwa mai gudu ana ɗauka. Bayan wata biyu ku kawo shi a duba fitsari, ba wani abu ba ne.

Ɗan Ader: To kifin fa? Ko ƙaya ɗaya ba a aiko Tahoua ba.

Ibro: Ni dai na ce a je, kuma an je.

Musa Harobanda: Libore aka je, Ibro.

Maman Nana: Abin da bai faɗa muku ba, salansa ta ƙona mini zane sabo fil, kuma a cikin yashin nan ni na tura nasa yana riƙe da salula wai yana neman hanya. Yanzu ga shi Abdul ya samo taswira a littafin Nana, tun jiya yake bin mu yana tambaya kwana nawa ne zuwa Gine a babur. Yaya Sani, don girman Allah kada ka sake turo wa gidan nan hoto.

Usaini Makanike: Malam, ka kawo baburan gobe da safe in wanke musu matatar iska. Kuma famfona da ka ara, a haɗo da shi.